Guba Daga Gona Zuwa Akushi

 

A wannan mako ina so mu yi magana a kan wani al'amari wanda da yawa daga cikinmu ba mu taɓa kawo shi a rai ba. Kowace mace ta san ƙazantar da ido ke gani. In kin ga tsakuwa cikin shinkafa kya tsince ta. In ƙwari sun shiga wake kya shanya shi a rana. In nama ya yi wari kya zubar, ba sai wani ya gaya miki ba. To, amma akwai wata irin ƙazanta wadda ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta kuma canja kamannin tuwo ko miya. Tana iya shiga akushin mace mai tsabta kamar yadda ta ke shiga na ƙazama. Wannan ita ce gubar waɗansu ƙarafa da ke gauraya da ƙasar gona da ƙurar tsakar gida, daga nan su bi abinci su shiga cikin 'ya'yanmu. An ce rashin sani ya fi dare duhu, saboda haka ki gyara zama, uwargida, ki karanta a hankali, in kin gama kuma ki karanta wa maƙwabciyarki wadda ba ta yi karatun boko ba.

Waɗanne ƙarafa ne?

Ba kowane ƙarfe ne guba ba. Akwai wanda jiki ke bukata ɗan kaɗan, kamar irin wanda ke cikin hanta da wake, wanda ke ƙara jini. Waɗanda mu ke magana a kansu daban ne, jiki ba ya bukatarsu ko ƙanƙani. Na farko dalma, wadda kowa ya sani, ita ce ke sa batirin mota nauyi. Na biyu zaiba, wadda masu neman zinariya ke kama zinariya da ita. Na uku wani da a ke kira kadmiyam, a kan same shi tare da tutiya cikin duwatsun ma'adini, da kuma cikin waɗansu batura. Akwai kuma wani mai suna kuromiyam, wanda masana'antun jima na zamani ke gyara fata da shi. Shi ma in ya yi yawa cikin ruwa da ƙasa, waɗansu irinsa suna yin ɓarna.

Abin da ya sa waɗannan suka fi sauran ƙazanta sharri shi ne ba sa ruɓewa. In kin zubar da ɓawon doya ko kashin awaki, kafin damina biyu sun zama ƙasa. Ƙwayoyin cuta kuwa wuta na kashe su. Amma ƙarfe ba shi da rai balle a kashe shi. Dalmar da ta zuba cikin gona bana, in ba kwashe ta aka yi ba, jikokinki za su tarar da ita a nan.

Hanyarsu ta shiga abinci biyu ce. Ta fari, tsiro ya kan zuƙe su ta saiwa tare da ruwa, su zauna cikin ganye ko ƙwaya. Kadmiyam ya fi kowa iya wannan, ga shi kuwa shinkafa da ganyaye suna ɗaukarsa ƙwarai. Ta biyu, ƙura ce mai ɗauke da gubar ke sauka a kan abinci bayan an girbe, wajen sussuka, ko shanya, ko daka, ko niƙa. Dalma ta fi bin wannan hanya. Ki riƙe wannan bambanci, za ki ga amfaninsa in mun je gaba.

Abin da ya faru a Zamfara

Kada ki ce wannan labarin ƙasashen Turawa ne. A farkon shekarar 2010 mutanen waɗansu ƙauyuka na Jihar Zamfara suka lura agwagi suna ɓacewa, ba wanda ya damu. Ba a daɗe ba sai ƙananan yara suka shiga ciwo. Yaro ya yi ta amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga ta kama shi, ya sanƙare, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi kome ba.

A watan Maris na wannan shekara likitocin ƙungiyar nan ta Likitoci Na Gari Na Kowa, waɗanda suka zo neman masu sanƙarau, suka ga sababbin kaburburan yara sun yi yawa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Da aka ɗebi jinin yaran aka auna, sai aka tarar dalma ce cike da shi. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta, da 'Yargalma, da Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Tungar Guru, da Duza, da kuma Bagega. Ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka bi gida gida a ƙauyuka biyu suna ƙidaya. Suka sami cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya daga cikin kowane huɗu. Jimillar yaran da suka rasu a wannan annoba ba ta kasa 400 ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Daga ina dalmar ta fito? A wannan lokaci zinariya ta yi tsada a kasuwannin duniya, manoma da yawa suka koma haƙarta, don ta fi noma kawo kuɗi. Ashe dutsen da su ke haƙowa yana cike da dalma. Maimakon a sarrafa shi a daji, sai a ka riƙa kawo shi cikin gari. A farfasa shi da guduma a tsakar gida, a daka a turmi, a kai injin niƙa, irin wanda a ke niƙa gero da dawa da shi, sa'an nan a wanke a shanya. Mata da yawa a cikin gidajensu su ke wannan aiki don su sami na kashewa, goyo na bayansu, mai rarrafe na gefensu. Ƙura ta tashi ta sauka ko'ina, a kan tabarma, a kan ƙwarya, a kan hatsin da aka shanya, a bakin rijiya.

Da masana suka auna ƙasar gidajen, abin da suka gani ya ba su tsoro. A dokar Amurka ta wancan lokaci, in aka raba ƙasar da yara ke wasa a kai kashi miliyan ɗaya, ba a yarda dalma ta wuce kashi 400 ba. A waɗansu wurare na ƙauyukan nan kuwa ta wuce kashi 100,000. Watau in aka ɗora buhu goma na ƙasar a ma'auni, nauyin buhu ɗaya dalma ce.

Ga abin da ya fi shafarmu mu masu girki. Da aka bincika abincin mutanen, sai aka ga yawancin dalmar da ke cikin hatsinsu ba daga gona ta zo ba. Bayan girbi ta shiga, wajen sussuka a ƙasa, da shanya, da surfe, da niƙa cikin gidajen da ƙurar ta mamaye. Gero ya baro gona da ɗan dama, kafin ya zama fura ya kwashi guba a hannun masu shi, alhali ba su sani ba.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Sai da sarakuna da hukuma suka sa aka fitar da aikin dutsen daga cikin gari. Aka bi gida gida ana kankare ƙasar sama kamar inci biyu, ana zuba ta cikin buhuna a kai a binne, a kawo sabuwa mai tsabta a shimfiɗa. Likitoci suka ce sai an yi haka maganinsu zai yi amfani, don ba ma'ana a wanke jinin yaro ya koma ya ci gaba da rarrafe cikin guba. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ba a share ta ba sai a 2013, bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. Dubban yara suka sha magani, ƙungiyar likitocin kuwa ba ta miƙa aikin ga hukumomin jihar ba sai a 2022. Cikin yaran da suka rayu akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada.

Abin bai tsaya a Zamfara ba. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, wajen ƙauyen Shikira, inda hukuma ta ba da sanarwar rasuwar yara 28. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ciwon matan Japan

Yanzu bari in kai ki nesa, ki ga ɗaya hanyar, wadda gubar ke bi ta saiwa. A ƙasar Japan akwai wani kogi mai suna Jinzu, a lardin Toyama. Manoman bakinsa shinkafa su ke nomawa, da ruwansa su ke ban ruwa, shi su ke sha. Can sama cikin duwatsu akwai wata ma'adina mai suna Kamioka, inda a ke haƙar tutiya da dalma, ana sakin dagwalon cikin kogin. Dagwalon nan na ɗauke da kadmiyam. Shekara da shekaru ruwa na kai shi cikin fadamun shinkafa, shinkafa na zuƙa, mutane na ci.

Sannu a hankali wani ciwo ya bayyana, ya kuwa fi kama mata manya waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Ya kan fara lalata ƙoda, daga nan ƙasusuwa su yi taushi. Mace ta fara da ciwon baya da ƙugu, tafiya ta gagare ta, har ta kai tari kaɗai na iya karya mata haƙarƙari. Saboda kukan da matan ke yi aka sa wa ciwon suna itai-itai, watau "da zafi, da zafi" da harshensu, kamar mu ce wayyo-wayyo.

Wani likitan ƙauye mai suna Noboru Hagino shi ya dage da bincike, har a 1961 ya bayyana cewa kadmiyam ne ke jawo shi. Gwamnatinsu ba ta amince da haka ba sai a 1968. Mutanen suka kai ƙara kotu, suka yi nasara a kan kamfanin a 1972. To, sauran gonaki. Aka fara aikin canja ƙasarsu a 1979, ba a gama ba sai a 2012. Shekara 33 ke nan ana gyaran hekta 863, watau eka dubu biyu da 'yan kai. Ki duba fa, Japan ƙasa ce mai arziki da injuna, amma haka ta sha. Ɓata ƙasa aikin kwana kaɗan ne, gyara ta kuwa sai wanda ya gani.

Lambunan bakin birni

Wataƙila ki ce, ai mu a birni mu ke, ba ruwanmu da haƙar zinariya. To, saurara. Da yawa daga cikin latas da kabeji da karas da alayyafon da a ke ci a manyan garuruwanmu da rani, a lambunan bakin gari a ke noma su, da ruwan rafin da ya ratsa garin. A Kano, alal misali, kogin Jakara ya kan kwaso dagwalon cikin birni, rafin Getsi ya kwaso na masana'antun Bompai, kogin Challawa kuma ya karɓi na Sharaɗa da na unguwar masana'antu ta Challawa. Majeman dā da bagaruwa su ke jima, wadda itace ce, in an zubar ta ruɓe. Masana'antun zamani kuwa da gishirin kuromiyam su ke yi. Malaman jami'o'inmu sun sha auna ruwan nan da ƙasar lambunan da ganyayen da ke fitowa, sun kuma sha samun ƙarafa a ciki, wani lokaci fiye da ƙa'ida.

Ban faɗi wannan don a tsani masu lambu ba. Bayin Allah ne masu neman halaliyarsu, ruwan da suka samu shi su ke amfani da shi, su da iyalinsu kuma su ne farkon masu ci. Haƙƙin tace dagwalo kafin a sake shi yana wuyan masu masana'anta, haƙƙin tilasta su kuma yana wuyan hukuma.

Sai maganar taki. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano ke zuwa da jakuna su kwashi sharar birni su kai gona, dabara ce kuwa mai kyau, don sharar dā toka ce da kashin dabbobi da ragowar abinci. Sharar yau fa? Akwai matattun batura a ciki, da gwangwanin fenti, da tarkacen rediyo da wayar hannu. In aka ƙone bola aka kai tokar gona, leda ta ƙone, ƙarfen kuwa yana nan cikin tokar.

Akwai kuma bakin titi. Shekaru masu yawa ana zuba dalma cikin man fetur, hayaƙin mota na watsa ta gefen hanya. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan mai tun farkon 2006, Aljeriya kuma, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta daina a 2021. Amma wadda ta riga ta sauka tana nan cikin ƙurar gefen tsofaffin manyan hanyoyi. A nan ne kuwa mu ke son baza tumatir da barkono da rogo, wai don kwalta ta fi saurin busarwa.

Me ta ke yi wa jiki?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon dalma da za a ce ba ya cutarwa. Ta kuma ce in yaro da babba suka haɗiye ta daidai wa daida, abin da jikin yaron zai zuƙa ya ninka na babban sau huɗu ko biyar. Ga shi yaro kome ya samu sai baki, ƙasa ce wurin wasansa, ƙwaƙwalwarsa kuma yanzu ta ke ginuwa.

In ta yi yawa ƙwarai, shi ne a ke ganin irin na Zamfara. In kaɗan kaɗan ce kuwa, ba a ganin kome a fili, nan ne ma ta fi yaudara. Yaro zai riƙa rashin cin abinci, da ciwon ciki, da ƙarancin jini, da yawan fushi. In ya shiga makaranta karatu ya yi masa nauyi, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, alhali ba laifinsa ba ne. Wani rahoto da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2020 ya ce kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya, watau har miliyan 800, na da dalma a jini gwargwadon da ya kamata a damu.

Ke mai ciki, wannan naki ne musamman. Dalma ta kan taru cikin ƙashi da haƙori ta yi shekaru. Sa'ad da mace ta sami ciki, jikinta ya kan ɗebo abin gina ƙashi daga nata ƙasusuwan ya ba ɗan tayi, sai dalmar ta biyo ta shiga jininsa. Tana iya jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jariri marar nauyi. Watau abin da yarinya ta haɗiya tana 'yar shekara goma yana iya taɓa ɗan da za ta haifa tana da ashirin.

Wanki da tafasa

Mun saba cewa in an tafasa abu ya tsarkaka. Gaskiya ne game da ƙwayoyin cuta, amma ban da ƙarfe. In kin tafasa ruwa mai dalma, ruwan ne zai ragu, dalmar ta zauna. Gishiri da ruwan tsami da mu ke wanke latas da su ma ba sa fitar da abin da ya riga ya shiga cikin ganye ta saiwa.

Amma kada ki karaya. Kin tuna hanyoyin nan biyu? Wadda ta shiga ta saiwa, maganinta a gona ya ke. Wadda ta sauka da ƙura kuwa, ruwa na tafiya da mafi yawanta, kuma ita ce ta fi yawa game da dalma. Wannan a hannunki ta ke. Ki kuma sani tsire-tsire sun bambanta. Masu ganye da masu saiwa, irin su latas da alayyafo da karas, sun fi ɗauka. Masu 'ya'ya, irin su tumatir da kuɓewa da gauta da kabewa, ba su cika ɗauka ba.

Aikin uwargida

1. Ki wanke ganye ɗaya bayan ɗaya cikin ruwa mai tsabta, ki canja ruwan sau biyu ko uku, ki tsamo ganyen daga sama don ƙasar ta zauna a gindin kwano. Ki ɓare ganyen kabeji na waje ki yar. Karas da dankali da rogo ki wanke, ki fere, ki sake ɗaurayewa.

2. Kada ki shanya abinci a ƙasa tsirara ko a gefen titi. Ki shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta, in da hali a kan rumfa ko wani abu mai tudu. Busasshen barkono da tumatir da kuɓewar da kika sayo, ki ɗauraye su kafin ki daka. Hatsi kuma ki wanke shi sosai bayan surfe.

3. Turmin abinci na abinci ne kaɗai. Kada a daka dutse a cikinsa ko sau ɗaya. In kin san injin da a ke niƙa dutse da shi, kada ki kai hatsinki can ko da kyauta ne.

4. In mai gida ko ɗanki na aikin haƙar ma'adini, ko gyaran batir, ko narkar da ƙarfe, ko fenti, ki roƙe shi cikin ladabi ya bar kayan aikin a can, ya yi wanka ya canja tufafi kafin ya ɗauki yaro. Ki wanke tufafin aikin daban. In an kawo aikin dutse cikin gida da sunan samun kuɗi, ki tuna masa da Zamfara. In abin ya fi ƙarfinki, ki kai maganar ga manyansa ko ga mai unguwa.

5. Ki yayyafa ruwa kafin ki yi shara, don kada ƙura ta tashi. Ki wanke hannun yara da sabulu kafin su ci abinci, ki shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma. Abin da ya faɗi ƙasa kada ya koma baki.

6. Mataccen batir kada ya shiga murhu, ko bolar da za a kai gona, ko hannun yaro. Ki tara su cikin gwangwani mai murfi, nesa da rijiya. In kina da ɗan lambu a bayan gida, kada ki yi shi inda aka taɓa zubar da batura ko baƙin mai, ko inda a ke ƙona shara. Ki sa masa takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, don ƙasa mai taki ta kan riƙe ƙarfe ta rage wa tsiro zuƙarsa.

7. Kada tsoro ya sa ki hana yara ganye. Yaro mai yunwa da mai ƙarancin jini su suka fi zuƙar dalma. Ki ba su nono, da wake, da ƙwai, da kifi, da hanta in ta samu, da miyar kuka da zogale, da lemo ko gwaba. Kada ki bar yaro ya fita wasa da safe cikinsa wayam.

8. Kwallin dutse mai ƙyalli, wanda mu ke ranɓaɗa wa jarirai, yawancinsa dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin jaririn wasu 'yan Nijeriya, da aka auna kwallin da a ke sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri ya kan murza ido ya kai hannu baki. Ki haƙura da wannan ado. Mai ciki kuma ta daure ta bar cin farar ƙasa.

9. In kaji ko agwagi ko awaki sun fara mutuwa ba dalili a inda a ke aikin ma'adini, ko yara biyu uku na unguwa ɗaya sun kamu da jijjigar da maganin zazzaɓi bai ji ba, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya asibiti, a gaya wa likita irin sana'ar da a ke yi a gidan, don da gwajin jini kaɗai a ke gane wannan ciwo. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Gaggawa ita ce magana.

Ku 'yan makaranta

'Yan mata, ku ma kuna da rabo cikin wannan aiki. Ku ne a ke aika kai niƙa, ku ne masu wanke ganye, ku ke goyon ƙanne. Ki lura da injin da ki ke kai hatsi. In za ki sayo latas, ki tambayi mai tallan daga wane lambu ya ke, tambaya ba rashin kunya ba ce in an yi ta da ladabi. Ki karanta wa innarki da gwaggonki wannan shafi, amma ban da nuna musu kin fi su sani. Ki roƙi malamar kimiyya ta yi muku ƙarin bayani a aji. Ki kuma dage da karatu, don ƙasar nan na bukatar mata likitoci da malaman gona da masu auna ƙasa da ruwa. Akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, a cikinsu kuwa a ke daka, a ke shanya, a ke renon yara. Mace ce kaɗai za ta iya kai ilmin nan har bakin murhu.

'Yan'uwa, hana masana'anta zubar da dagwalo ba aikin mace ɗaya ba ne, amma in kun haɗu a ƙungiyarku ko a makarantar Islamiyya kuna iya aika wakilai ga mai unguwa da duba-gari da malamin gona, ku nemi a auna ruwan rafin da ƙasar lambunan garinku. Abin da ke tsakanin ƙofar gida da murhu kuwa, wannan mulkinki ne, ba mai yi miki shi. Rigakafi ya fi magani.

Wadda ta ke da tambaya ta rubuto wa wannan fili, za mu nemi amsa wurin likita mu buga. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare mu daga abin da ido ba ya gani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.